Littattafai da Finafinan Hausa da Za Su Karɓi Waƙa a Kan Dandali

GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba waɗansu ƙagaggun labaran Hausa da finafinai, mu ga waɗanne ne daga cikinsu za a iya juyawa su zama wasan kwaikwayo irin wanda waƙa da kiɗa ke ɗauke da nauyin labarinsa, watau abin da Turawa ke kira muzikal. Tun da yake har yanzu ba mu da daidaitacciyar kalma ta wannan nau'i, za mu riƙa kiransa waƙaƙƙen wasa, bisa kwatancin yadda magabatanmu a wannan fage suka ce ƙagaggen labari da rubutacciyar waƙa. In masana sun samo wadda ta fi ta dacewa, sai mu bi su.

Abin da ya fara jawo hankalinmu ga wannan batu ya faru ne a wata ƙaramar makarantar sakandare a ƙasar 'Yankwashi, sa'ad da muka je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Zuwanmu ya dace da bikin ƙarshen zango, kuma 'yan makarantar sun shirya wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada. An yi wasan a filin makaranta, babu lasifika, iyaye na ta hirarsu, yara na guje-guje, masu wasa kuwa na ta zuba haddarsu ba mai sauraro. Amma ɗalibarmu da ta shirya wasan ta ƙara wata fitowa wadda babu ita a littafin. Ta zaunar da yarinyar da ta fito a Halima gaban dutsen niƙa, tana jiran mijinta Hayatu da ya tafi yawonsa, ta sa ta rera wata waƙar niƙa da matan yankin suka sani, aka ɗan sauya mata kalmomi don su dace da halin da Halima ke ciki. Kafin ta kai baiti na biyu fili ya yi tsit. Matan da ke tsaye a baya suka matso, waɗansu suka shiga yi mata amshi. Duk abin da Halima ta yi ta faɗa da baki a fitowar baya bai shiga kunnen kowa ba sai da ta faɗe shi da waƙa.

INDA AKA RIGA MU

Juya littafi ko fim ya zama waƙaƙƙen wasa tsohuwar sana'a ce a waɗansu ƙasashe. My Fair Lady, wanda aka fara nunawa a Amurka cikin 1956, daga wasan Pygmalion na Bernard Shaw aka ciro shi. Littafin Les Misérables na Victor Hugo ya fito cikin 1862, bai hau dandali da waƙa a Faris ba sai 1980, sa'an nan aka yi na Ingilishi a Landan cikin 1985. The Lion King kuwa fim ne na zane na 1994 kafin ya zama wasan dandali cikin 1997. Amma misalin da ya fi kusa da mu na Yarbawa ne. Amos Tutuola ya buga The Palm-Wine Drinkard da Ingilishi cikin 1952, Kola Ogunmola kuma ya mai da shi waƙaƙƙen wasa da Yarbanci a Jami'ar Ibadan cikin 1963, shekarar da Duro Ladipo ya fito da Oba Koso. Waɗannan mutane ba su aro kayan kiɗan kowa ba, da gangunansu na gargajiya suka yi aikin.

Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. Wasannin tashe da yaranmu ke yi daga goma ga watan azumi, a Kazaure da Roni da Gwiwa kamar sauran ƙasar Hausa, kusan dukkansu ƙananan waƙaƙƙun wasanni ne. A wasan Jatau Mai Magani akwai shiga, akwai kayan wasa, akwai jagora da 'yan amshi, kuma da waƙar ake kwaikwayon boka. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata na kwaikwayon zaman aure ne cikin waƙa tun daga farko har ƙarshe. Haka 'yan kama, haka tatsuniyoyin da ke da waƙa a tsakiyarsu. Abin mamaki shi ne, da rubutaccen wasan kwaikwayo ya zo, tun daga wasanni shida da R. M. East ya buga cikin 1936, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, sai ya tafi kan zance zalla. Makaranta da gidan rediyo ne suka rene shi, su kuwa abin da za a karanta ko a faɗa suke bukata. Ta haka waƙa ta kama hanyarta, wasa ya kama tasa, har a manhajarmu ta kwalejojin ilmi, inda ake koyar da kowanne a darasi dabam.

MA'AUNIN DA MUKA BI

Ba kowane labari mai daɗi ne zai karɓi waƙa ba. Ma'aunin da muka ɗauka guda ɗaya ne, kuma daga rayuwar Bahaushe muka ciro shi. Akwai maganganu masu yawa da kunya da kara suka hana Bahaushe faɗa da baki, amma al'ada ta yarje masa ya faɗe su da waƙa. Matar aure ba ta tsayawa gaban uwar miji ta kai ƙarar ɗanta, amma tana iya zuba habaici a bakin turmi, kowa ya ji, ba wanda zai kama ta da laifi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane, amma tana yi masa waƙar raino. Talaka ba ya faɗa wa basarake aibinsa, maroƙi kuwa yana yi masa zambo a bainar jama'a. Ashe ke nan labarin da ya fi cancanta a waƙe shi ne wanda a tsakiyarsa akwai mutumin da ke da magana a ciki amma an ɗaure masa baki. Inda taurarin labari ke iya faɗin duk abin da ke ransu, waƙa ado kawai za ta zama, kuma hanyar gane ado mai sauƙi ce: a cire waƙar, in labari ya ci gaba bai yi ɗingishi ba, to, dā ma ba ta da aiki a wurin.

SHAIHU UMAR

Daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi kowanne tafiya nesa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976. Watau an riga an gwada an ga labarin yana tsayuwa a gaban 'yan kallo. Abin da ya rage shi ne a tambaya, wa zai yi waƙa a cikinsa?

Amsar da za ta fara zuwa ita ce Umar, tun da sunansa littafin ke ɗauke da shi. Mu ba mu ga haka ba. Umar a mafi yawan labarin yaro ne da ake ɗauka daga hannu zuwa hannu: an sace shi, an tsince shi, an kamo shi a hari an kai Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, can ya yi karatu ya zama malami. Abubuwa na faruwa da shi, shi ba ya sa su faru, kuma sa'ad da yake ba almajiransa labari a Rauta ya riga ya zama dattijo mai natsuwa wanda ya miƙa kome ga Allah. Wadda ta ƙone a labarin ita ce mahaifiyarsa. Ita ce ta bar shi don ta je ganin iyayenta a Fatika, ita ce ta fita nemansa ita kaɗai, aka yaudare ta, ta faɗa cikin bauta, aka ƙetare Sahara da ita ta Murzuk har Tarabulus, inda ta gan shi daga ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. Ga shi kuma Umar ɗan farinta ne, watau shi ne ɗan da al'ada ta hana ta ambata. Babu inda ma'auninmu ya zauna daidai kamar nan. Waƙar raino guda ɗaya ta isa ta riƙe wasan duka. A ji ta da farko a Kagara tana goye da shi, cikin walwala. A sake jin ta a hanyar Kano, kari bai sauya ba amma kalmomi sun sauya. A ji ta cikin ayarin bayi a hamada, sauran mata na amsawa, kowace da nata ɗan a zuci. A Tarabulus kuwa sai ta fara, murya ta ƙi, Umar da bai san ya san waƙar ba ya ƙarasa mata. Wannan ƙarshen babu shi a littafin, amma bai saɓa wa littafin ba, kuma irin wannan ƙari shi ne aikin mai juyawa.

Akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Labarin na malami ne, yana buɗewa a zauren karatu. Ba za a ɗora kiɗa a kan karatun Alƙur'ani ba, kuma ba a bukatar haka. Muna da al'adar rera rubutattun waƙoƙin wa'azi ba tare da kayan kiɗa ba, irin yadda ake rera Imfiraji ta Aliyu Namangi. Sassan Umar da na malaminsa Shaihu Mas'ud sai su bi wannan hanya, murya zalla, a bar kiɗa ga fadar Kagara inda aka ƙulla wa Makau makirci, da kasuwar bayi. Bambancin sautin nan guda biyu shi kansa zai nuna wa mai kallo duniya biyu da Umar ya rayu a cikinsu.

JIKI MAGAYI

In da za a ce mu zaɓi littafi ɗaya a fara da shi gobe, Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East za mu ɗauka, domin shi ne mafi ɗaurin zubi a cikin littattafan farko. Mutum uku ne ginshiƙinsa. Malam Shehu attajiri ne a Galma, ba shi da ɗa, ya yi mafarki in ya auri Zainabu zai haihu. Zainabu kuwa ta riga ta yi alkawari da saurayinta Abubakar. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da attajiri, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Ramuwar ba ta faɗa kan wanda ya yi laifin kai tsaye ba, ta bi ta kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba.

Fitowar biki ita ce zuciyar wasan, kuma al'ada ta riga ta tanadar mata waƙoƙi, daga kamu zuwa lalle zuwa kai amarya. A dandali ɗaya za a iya nuna wuri uku a lokaci guda. A ƙofar gida masu kalangu na wasa Malam Shehu, maroƙa na kirari. A cikin ɗaki ƙawaye na waƙoƙin rakiya, amarya na kuka. Kukan amarya abu ne da kowa ya saba gani, ba mai tambayar dalilinsa, saboda haka Zainabu na iya kuka na gaske a ɓoye cikin kukan al'ada, mai kallo kaɗai ya san bambanci. A bayan katanga kuma ga Abubakar da gurminsa, irin muryar kaɗaici da Haruna Uji na Haɗeja ya saba da ita a waƙoƙinsa na soyayya, yana bin karin da masu kalangu ke kaɗawa amma yana ɗora masa rantsuwar ramuwa. Littafin bai ba Zainabu fili sosai ba, kuma mai karatu na iya rufe shi bai tabbatar ko kwaɗayi ne ya ja ta ko nauyin iyaye da na dukiya ne ya danne ta ba. Waƙa za ta tilasta wa mai juyawa ya yanke hukunci, ko kuwa, abin da ya fi, ya bar ta ta yi gardama da kanta a gabanmu.

Yawace-yawacen Abubakar na neman asiri, da wahalolin da ya sha, suna da tsawo a littafi. A dandali waƙa ɗaya ta ishe su, yana tafe yana tsufa. Kashi na biyu na Kyauta ne, kuma ko shi yana da sautinsa a gargajiya, don kuwa har ɓarayi Hausawa sun yi musu kiɗa, kamar yadda aka san Gambu na ƙasar Kabi da shi kafin ya tuba ya bari.

GANƊOKI DA RUWAN BAGAJA

Waɗannan biyu su ne mutane suka fi kawo mana duk sa'ad da muka ta da zancen nan, mu kuwa su muka fi shakka. Ganɗoki na Bello Kagara cike yake da kirari, ga yaƙin Kwantagora na 1901 tare da Nagwamatse, ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi cikin 1903. Tambari da kakaki da algaita da taushi duk suna da gurbi, kuma ido zai sha kallo. Matsalar ita ce Ganɗoki ba mai ɓoye kome ba ne. Abin da ke ransa shi ke bakinsa, kirarinsa na farko da na goma abu ɗaya suke faɗa, in ba a yi hankali ba sai wasan ya zama hawan salla, a yi ta wucewa ana jinjina. Kashin da ya shiga ƙasashen aljannu da ɗansa Garba Gagare ba ya hawa dandali sai da kuɗi masu yawa. Wuri ɗaya muka ga ƙofa, shi ne tsohon mayaƙin da ya komo ya tarar ƙasar da ya yi yaƙi dominta ta zauna lafiya a hannun waɗanda ya yaƙa, yana ba yaran zamani labari. In an gina wasan a kan abin da wannan tsoho ya kasa faɗa wa yaran, to, akwai wasa.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa daɗinsa a harshe yake, da saurin dabara tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Dabara tana son gaggawa, waƙa tana son a tsaya, da wuya su zauna inuwa ɗaya. Mai son gwadawa sai ya ɗauki mutanen biyu a matsayin 'yan kama, ya zaɓi karo huɗu ko biyar daga cikin haɗuwarsu, ya haƙura da sauran. A nan ya kamata mu tuna cewa akwai tatsuniyar Ruwan Bagaja ta 'yar bora da 'yar mowa, wadda ba ta haɗa kome da littafin Imam ba sai suna. Ita da waƙarta ta zo, yarinya na rera ta a bakin kowane kogi da ta tarar, kuma ga makarantun firamare ba mu san abin da ya fi ta sauƙin shiryawa ba.

ALHAKI KUYKUYO NE

Daga littattafan da suka fito a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, wanda ya fi cika ma'auninmu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya cikin 2012. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, ta haifa masa 'ya'ya tara. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe gida, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan daraja. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta watse, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Sautin wannan wasa a shirye yake, shi ne kiɗan ƙwarya na amada, wanda Barmani Choge ta fito da shi daga cikin gida zuwa fili, kuma jigoginsa su ne na littafin: kishi, sana'ar mata, haihuwa, halin maza. Za a iya shirya shi da mata zalla a makarantun 'yan mata, su fito a matsayin mazan ma, kamar yadda suke yi a tashe. Roƙonmu ga duk wanda zai juya shi, kada ya mai da komawar Rabi ta zama biki. Marubuciyar ba ta rubuta ta da farin ciki ba, kuma waƙar ƙarshe ta Rabi, wadda ta ce to da baki, ita ce dalilin yin wasan tun farko.

FINAFINAI

Mutum zai zaci finafinan Kano su ne mafi sauƙin juyawa, tun da waƙa ta yi musu yawa har ana kuka da ita. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya buɗe wannan kasuwa cikin 1990, zuwa ƙarshen shekarun nan kuma rawa da waƙa irin ta finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Arewa suka daɗe suna nunawa, suka zama abin da ke sayar da fim. Sangaya na kamfanin Sarauniya, labarin soyayyar ɗan sarki da yarinyar da ke hidima a gidan sarauta, waƙarsa ta fi labarinsa shahara nesa ba kusa ba. Manazarta irin su Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda waƙa ta zama tallar fim, har akan yi ta kafin a gama tsara labari. In muka ɗora yawancin waɗannan waƙoƙi a kan ma'auninmu, faɗuwa suke yi. Saurayi da budurwa sun riga sun faɗa wa juna suna son juna, sai a yanke, a gan su a lambu da sababbin tufafi suna maimaita abin da suka faɗa. A cire waƙar, labari bai san an yi ba. Mai juya irin wannan fim zai ga dole ya zubar da waƙoƙin da suka sa fim ɗin ya yi suna, ya rubuta sababbi. Sangaya kansa yana da abin da ake nema, don kuwa yarinyar da ke hidima ba ta da bakin magana a gidan sarauta, amma sai an sake gina waƙoƙin a kan wannan rashin baki.

Indiyawan da aka kwaikwaya sun san wannan bambanci. Fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 ya hau dandali a Mumbai cikin 2016 ya karɓu, dalili kuwa tauraruwarsa, Anarkali, mai rawa ce a fada, kuma da waƙa ta yi wa sarki tsaurin ido a gaban fadawansa. Waƙar nan ita ce laifin da aka hukunta ta a kansa, ba ta ciruwa.

Akwai wani fim da ba a cika ambata ba a wannan gefen iyaka, ko da yake mutanen Babura ba su da nisa da ƙasar da labarin ya fito. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta Sarraounia da Faransanci cikin 1980, Med Hondo ya mai da shi fim cikin 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu cikin 1987. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a ƙasar Arewa ta yankin Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine cikin 1899. Abin da ya ja mu gare shi ba sarauniyar kaɗai ba ce. Sojojin rundunar baƙaƙen fata ne, an sa su ƙone garuruwan 'yan'uwansu, ba su da ikon cewa a'a, har ranar da suka juya suka harbe shugabannin nasu biyu a cikin shekarar. Waɗannan sojoji su ne 'yan amshin wasan, kuma amshinsu ne zai riƙa sauyawa daga biyayya zuwa tsoro zuwa tawaye.

ABUBUWAN DA KE KAN HANYA

Na farko shi ne karɓuwa. Tun bayan da jihohinmu suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci cikin 2000, aka kuma kafa hukumar tace finafinai ta Kano cikin 2001, rawar namiji da mace tare ita ce abin da aka fi yi wa finafinai tsiya a kai. Uban da ke Karkarna ko Gwiwa ba zai bar 'yarsa ta hau dandali ta yi irin wannan rawa ba, mu ma ba za mu roƙe shi ba. Sai dai duk wasannin da muka zana a sama babu wanda ke bukatarta. Uwar Umar ita kaɗai take waƙa, Zainabu na ɗaki Abubakar na bayan katanga, Rabi na cikin mata. Rabuwar maza da mata da al'adarmu ta yi ita ce ma ke ba waƙar ƙarfi, don mai waƙar yana kiran wanda ba zai iya isa gare shi ba.

Na biyu haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mawallafinsa. Tafawa Ɓalewa ya rasu cikin 1966, Abubakar Imam cikin 1981, saboda haka ko littattafan 1934 ba su zama na kowa da kowa ba tukuna. Wanda zai fitar da wasa daga aji ya kai shi inda ake karɓar kuɗin shiga, lalle ne ya nemi izinin magada da kamfanin da ke buga littafin.

Na uku, wanda ya fi ba mu wahala da muka gwada fitowar bikin Jiki Magayi da ɗalibanmu na shekarar ƙarshe, shi ne kiɗan kansa. Ɗaliban sun tashi da sautin fiyano na situdiyo, da muka ce a kawo waƙa sai kowa ya zo da karin da ya ji a fim ya cusa masa kalmomi. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, in karin waƙa ya hau inda kalma ta sauka, ko ya ja gaɓar da ba ta jawuwa, sai ma'ana ta gurɓace, mai sauraro ya ji daɗin sauti bai fahimci abin da aka ce ba. A fim wannan ba ya kashe kasuwa. A wasan da waƙa ke ɗauke da labari kuwa, baitin da ba a ji ba fitowa ce ta ɓace. Dole muka koma muka fara rubuta baitoci, sa'an nan muka ɗauko wani tsohon makaɗin kalangu daga cikin garin Kazaure, wanda ya ce rabonsa da kiɗan biki ya daɗe tun da masu na'ura suka karɓe sana'ar, muka karanta masa, shi ya fitar da karin daga cikin kalmomin. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo. Kalangu biyu a fili sun fi ƙarfin muryar yarinya ɗaya, sai da muka mai da makaɗa bayan 'yan kallo, muka bar gurmi kaɗai kusa da masu waƙa. Tsarin jagora da 'yan amshi ma sai da muka taɓa shi, domin amshin gargajiya ba ya sauyawa, labari kuwa tafiya yake yi. Abin da muka yi shi ne muka bar kalmomin amshin ƙawayen amarya yadda suke, amma a zagaye na uku muka sa su yi shiru, Zainabu ta amsa wa kanta. Fitowar da ba ta wuce shafi kaɗan a littafi ba ta ci mana mako bakwai, kuma har yanzu ba mu sami ɗalibin da ya iya gurmi ba, aron hannu muke yi.